Ranar da Na Yanke wa Wani Hukunci a Ɗakin Labarai

A shekarata ta biyu da fara aiki a ɗakin labarai na wani gidan rediyo abin ya faru. Aikina a lokacin fassara ne. Sanarwa ta zo da Turanci, in mayar da ita Hausa, edita ya duba, mai karanta labarai ya ɗauka ya shiga situdiyo. Ran nan saura kamar minti ashirin a fara labaran yamma aka ajiye mini wata takarda daga 'yan sanda a kan wani fashi da aka yi a gidan wani ɗan kasuwa. Jimlar farko ta ce an kama mutum biyar "in connection with" wannan fashi, sannan aka jero sunayensu da shekarunsu da unguwanninsu.

Ban tsaya wani tunani ba. Na rubuta abin da kunnena ya saba ji tun ina yaro: dubun wasu 'yan fashi biyar ta cika. Na kwafe sunayen yadda suke. Edita ya gyara mini waƙafi ɗaya ya miƙa. Aka karanta da yamma, aka maimaita da dare, aka sake maimaitawa da safe. Ni kuwa na tafi gida ina jin daɗin cewa na cika aiki a kan lokaci.

Bayan kamar mako uku sai mai gadi ya leƙo ya ce wani dattijo na sallama da wanda ya rubuta labarin fashi. Na fita na same shi a inuwar darbejiya, ya jingine kekensa, yana riƙe da hula a hannu. Na durƙusa muka gaisa.

Ya ce, "Yaro, kai ne ka ce ɗana ɗan fashi ne?"

Na ce, "Baba, ba ni na faɗa ba, takardar hukuma ce muka karanta."

Ya ce, "To ita hukumar ta sake shi, ta ce ba ruwansa. Ku ne har yanzu ba ku sake shi ba."

Ɗan nasa mai gyaran waya ne. Wani ya kawo masa waya a canza mata gilashi, ashe tana cikin kayan da aka sace. Masu bincike suka bi sawunta har rumfarsa, suka tafi da shi. Kwana tara ya yi a tsare, sannan aka gane abin da ya haɗa shi da maganar bai wuce ya karɓi aiki ya ba da rasit ba. Ba a kai shi kotu ba, ba a tuhume shi da komai ba. Amma kafin ya fito, gidan yarinyar da zai aura sun aiko an dawo da kayan sa rana, kuma masu kawo masa gyara sun koma rumfar gaba. Dattijon bai ɗaga murya ba ko sau ɗaya. Cewa kawai ya yi, tun da a rediyo aka ɓata sunan, a rediyo yake so a gyara.

Na koma ciki na lalubo takardar a cikin fayil. Na karanta ta sau uku ina neman inda aka kira mutanen 'yan fashi, ban samu ba. Takardar ba ta ce sun yi fashi ba. Ba ta ma ce ana zarginsu da yin fashi ba. Abin da ta ce shi ne an kama su dangane da fashin. Sauran duk daga alƙalamina ya fito.

Tun daga ranar na fara kula da wannan furuci, na kuma gane cewa ba da gangaci ake zaɓensa ba. "In connection with" magana ce mai faɗin baki, kuma saboda faɗin nata lauyoyi suke son ta. Duk wanda ya taɓa karanta takardar yarjejeniya da Turanci zai ga inda ake cewa duk saɓanin da ya taso daga yarjejeniyar, ko yake da alaƙa da ita, ga yadda za a warware shi. Ana ƙara wannan ɓangare na biyu ne don kada wani ya zo gobe ya ce rigimarsa ba ta cikin abin da aka rubuta. Taru ne ake bazawa don ya kamo na kusa da na nesa. Da furucin ya shigo bakin 'yan sanda da 'yan jarida, da wannan hali nasa ya shigo. Wanda aka kama "dangane da" fashi yana iya zama shi ya riƙe bindiga. Yana iya zama shi ya sayi kayan. Yana iya zama direban da aka ɗauka haya bai san komai ba, ko maƙwabcin da aka gani a ƙofar gida, ko mai gyaran waya. Furucin ya ce akwai zare tsakanin mutumin da abin da ya faru, amma bai faɗi kaurin zaren ba, bai kuma ce wa ya ƙulla shi ba.

Turancin shari'a yana da matakala, kuma kowace tana da nauyinta. Ta ƙasa ita ce wannan tamu. Sama da ita akwai "on suspicion of", wato an kama mutum bisa zargin shi ya aikata. Sai "charged with", an tuhume shi a rubuce za a gurfanar da shi gaban alƙali. Ta ƙarshe ita ce "convicted of", kotu ta saurari shaidu ta same shi da laifi. Hausa ba ta rasa kalmomin kowace matakala ba: dangane da, bisa zargin, an tuhume shi da, an same shi da laifin. Ni abin da na yi shi ne na ɗauki mutum daga matakalar ƙasa na dire shi a ta sama cikin minti ashirin, tafiyar da kotu kan yi watanni ko shekaru ba ta gama ba.

Ba ina neman wanke kaina ba ne, amma ba ni kaɗai ke da wannan ɗabi'a ba. Ku saurari yadda muke ba da irin wannan labari. Dubunsa ta cika. An yi ram da shi. Ya shiga hannu. Asirinsa ya tonu. Maganganu ne masu daɗin ji, suna da gishiri, shi ya sa muke son su a kanun labarai. Sai dai kowace a cikinsu ta riga ta gama shari'a. Ba a cewa dubun mutum ta cika sai in an yarda ya daɗe yana ɓarna. Ko "an kama shi da" ma tarko ce, don a kunnen Bahaushe tana nufin an same shi dumu-dumu da abin a hannunsa. Tsakanin "an kama shi da fashi" da "an kama shi dangane da fashi" kalma ɗaya ce tak, amma a cikinta auren wani ya mutu.

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne dokar ƙasarmu ta fi ni adalci ga yaron. Tsarin Mulkin Najeriya na 1999, a sashe na 36(5), ya tanadi cewa duk wanda ake tuhuma da laifi ana ɗaukarsa marar laifi har sai an tabbatar. Wannan ga wanda aka riga aka tuhuma ke nan, ina ga wanda ko tuhumar ba a yi masa ba? Sashe na 35 ya ce a sanar da wanda aka kama dalilin kama shi a rubuce cikin awa 24, kuma da harshen da yake fahimta. Ya ce a kai shi kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, ko kwana biyu idan babu. Ya kuma ce wanda aka tsare ba bisa ƙa'ida ba yana da haƙƙin diyya da neman afuwa a bainar jama'a. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ta hana a kama wani a madadin wani, irin a ɗauke uba don ɗa ya gudu. Duk waɗannan suna rubuce. Amma babu sashen da zai koma gidan surukai ya ce su karɓi kayan da suka mayar.

Su ma masu harshen ba su tsira ba. A ƙarshen Disambar 2010, 'yan sandan birnin Bristol a Ingila sun kama wani tsohon malamin makaranta, Christopher Jefferies, bayan kisan wata matashiya, Joanna Yeates, da ke haya a gidansa. Jaridu suka yi masa ca, suka bi gashin kansa da yanayin maganarsa da zamansa shi kaɗai, suka mayar da shi abin tsoro. Ashe ba shi da hannu. Wani maƙwabcinta, Vincent Tabak, shi kotu ta samu da laifin a Oktoban 2011. Jaridu takwas suka biya Jefferies diyyar ɓata suna, aka kuma ci tarar Daily Mirror da The Sun saboda raina kotu. A 2022 Kotun Ƙolin Birtaniya, a wata shari'a da ta shafi kamfanin labarai na Bloomberg, ta yanke cewa a bisa ƙa'ida wanda ake bincike a kansa yana da haƙƙin a sakaya al'amarinsa kafin a tuhume shi. Shi Jefferies ya samu lauyoyi da kotun da ta share masa hawaye. Mai gyaran wayarmu uba kawai yake da shi, da keke.

Da farko na zaci maganin abin shi ne in riƙa fassara daidai, in rubuta "dangane da" in wanke hannuna. Daga baya na ga wannan ma bai isa ba. Furucin yana kare wanda ya rubuta shi fiye da yadda yake kare wanda aka rubuta a kansa. Jami'in da ya fitar da sanarwa zai ce bai kira kowa ɓarawo ba. Gidan jarida zai ce shi ma bai kira ba. Amma matar da ke jin rediyo tana tankaɗe ba za ta tsaya auna "dangane da" ba. Suna ta ji, da unguwa, da kalmar fashi, kuma su ukun za ta kai wa maƙwabciyarta. Balle a ce an jera mutane a ƙasa an ɗauki hotonsu da bindigogi a gabansu. A nan hoton ne ke magana, duk wata kalmar taka-tsantsan da aka rubuta a ƙarƙashinsa ba mai ganinta. Jihar Legas ta haramta irin wannan holin waɗanda ake zargi a gyaran dokar da ta yi a 2021, kuma ina ganin ta yi daidai.

Saboda haka na sa wa kaina wasu sharuɗɗa da nake bi har yau. Idan na ga wannan furuci a takarda, nakan ɗauki waya in tambayi mai magana da yawun hukumar: wace irin alaƙa? Zarginsa ake yi, ko shaida ne, ko an samu wani abu a wurinsa? Idan ya ba da amsa, in rubuta amsar. Idan ya ce ana kan bincike, in rubuta cewa an kama mutum kaza kuma ba a bayyana rawar da ake jin kowannensu ya taka ba. Ba na sa sunan wanda ba a kai kotu ba, sai in mai riƙe da amanar jama'a ne da ya zama dole a sani. Kuma idan na ba da labarin kamu, nakan rubuta a littafina in koma bayan mako biyu in ji ina aka kwana. Sau da yawa wannan labari na biyu ba ya da armashi, edita ma yakan yi tsaki. Amma shi ne bashin da ke kanmu.

Wani abokin aikina ya taɓa ce mini wannan duk tsoron lauyoyi ne irin na Turawa. Na ce masa ni ba a wurin Bature na fara jin haka ba. A makarantar allo da ta Islamiyya aka karantar da mu Suratul Hujurat, inda aka umarce mu da bin diddigin labari kafin mu cutar da mutane cikin rashin sani mu dawo muna nadama. A zauren alƙali kuma kowa ya san mai ƙara ake nema ya kawo shaidu. Kakata ma takan ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. Mun san abin sarai. Gaggawa da son kanu mai zafi ne suke sa mu manta, kuma yanzu da kowa ke da waya a hannu, kowa ya zama ɗakin labarai. Mutum zai ga hoto a Facebook ko WhatsApp, ya ƙara "Allah ya tona asirinsu" ya tura gaba, bai san ko mai gyaran waya ne na uku daga hagu ba.

Mun karanta gyaran. Na rubuta shi da hannuna, na kai wa edita, ya yi shiru ya sa hannu. Jimla biyu ce, aka sa ta a ƙarshen labaran yamma, dab da sanarwar kasuwanci, sau ɗaya. Labarin farko sau uku aka karanta shi, kuma shi ne kan gaba. Na nemi a maimaita, aka ce lokaci ya ƙure.

Bayan 'yan watanni na je rumfar da kaina, da wata tsohuwar waya da madanninta ya lalace. Na same shi sunkuye a kan teburinsa, saurayi ne siriri, ba ya da yawan magana. Na faɗa masa ko ni wane ne, na ce na zo neman gafara. Ya ɗago ya dube ni, ya ce, "Malam, Allah ya yafe mana baki ɗaya." Ya karɓi wayar ya buɗe ta. Kafin ya taɓa komai sai ya jawo wani littafi, ya tambaye ni cikakken sunana da lambata da inda na sayi wayar, ya ce in nuna masa katin shaida. Ya ce tun da abin ya faru ba ya karɓar aikin kowa sai ya rubuta. Na ba shi, ya rubuta a hankali, ya juyo da littafin ya ce in duba ko ya rubuta sunana daidai.