Abin da Na Gani a Landan: Masaukin Wucin Gadi Ya Zama Gida

Masu iya magana sun ce gani ya kori ji. Kafin in taka ƙasar Ingila, da wani ya ce mini akwai magidanta a birnin Landan da ke kwana ɗaki guda da 'ya'yansu shekara da shekaru suna jiran hukuma ta ba su gida, da na ɗauka zuƙi ta malle ce. Amma na je, na gani da idona, kuma abin da na kawo wa mai karatu ke nan a wannan mako.

Da hunturu na isa, lokacin da ƙarfe huɗu na yamma kan yi kamar bayan magariba. Mai masaukina, wani dattijo mutumin zangon Kumasi da ya daɗe a can, shi ya ɗauke ni a jirgin ƙarƙashin ƙasa zuwa unguwar Stratford da ke gabashin birnin, cikin ƙaramar hukumar Newham. Nan aka yi wasannin Olamfik na shekarar 2012, kuma duk wanda ya fito daga tashar sai ya riƙe baki: ga katafaren kantin zamani, ga filin wasa, ga benaye na gilashi sun tasam ma gajimare. Tafiya kaɗan daga nan sai dattijon ya nuna mini wasu tsofaffin dogayen benaye uku na unguwar Carpenters, ya ce a nan labarin yake.

A shekarar 2013 aka ba wasu 'yan mata masu goyo su 29 takardar tashi daga wani masauki a Stratford, aka kuma nuna musu cewa mai yiwuwa sai a garuruwa masu nisa irin su Manchester da Birmingham za a samar musu wuri. Matan nan suka ƙi. A watan Satumba na 2014 suka shiga wasu gidajen hukuma da ke kulle ba kowa a unguwar Carpenters, suka zauna kimanin mako biyu, don duniya ta shaida cewa ga gidaje a rufe, ga masu jarirai ba wurin kwana. Tun kafin wannan ma, a 2012, hukumar Newham ta rubuta wa wata ƙungiyar gidaje a garin Stoke, mai nisan kusan mil 160, tana neman ta karɓi iyali 500.

To, ya kamata mai karatu ya san cewa a Ingila ba alfarma ba ce hukuma ta ba mara gida masauki. Tun daga dokar 1977 ya zama tilas a kan ƙaramar hukuma ta saukar da mai 'ya'ya, da mai juna biyu, da mai rauni, in dai ba da gangan ya rasa muhallinsa ba. Dokar 2017 ta ƙara da cewa a fara taimakon mutum tun saura kwana 56 a fitar da shi. Har wa yau doka ta hana a ajiye mai yara fiye da mako shida a ƙananan otal-otal ɗin nan da ake tarayya a madafa da makewayi. A takarda kam, babu abin kushewa.

Washegari muka shiga jirgin ƙasa zuwa bayan gari, inda wata 'yar'uwar mai masaukina take zaune a irin wannan otal, wadda wata daga cikin ƙananan hukumomi 32 na Landan ta ajiye. Ɗaki ɗaya ne, gadaje biyu, ita da yara uku. Kayansu na ɗaure cikin jakunkuna a bayan ƙofa, domin ana iya cewa su tashi ko yaushe. Bangon da ke wajen taga ya yi baƙi da danshi, ƙaramin yaron kuwa sai tari yake yi. Madafa ɗaya ce ga iyalai da yawa, sai an bi layi. Manyan yaran biyu kan tashi tun da asuba, su hau mota biyu kafin su kai makarantarsu ta da. Ta shaida mini mako shida aka ce mata, ga shi ta shiga wata na takwas, kuma an canza mata ma'aikacin da ke riƙe da takardunta har sau uku, kowanne sai ta sake ba shi labari daga farko. Abin da ya fi ci mata rai, in ji ta, shi ne shirun da ake yi mata in ta rubuta takarda.

Ba ita kaɗai ba ce. A ƙarshen watan Maris na 2024, ƙididdigar gwamnati ta nuna iyali fiye da 117,000 na zaune a masaukin wucin gadi a Ingila, da yara fiye da 150,000, kuma fiye da rabin iyalan na Landan ne. A shekarar kuɗi ta 2023 zuwa 2024 ƙananan hukumomi sun kashe wajen fam biliyan 2.3 a kan wannan masauki, mafi yawansa ya tafi aljihun masu otal da masu gidajen haya.

Ina mai kuka zai kai kukansa? Da farko yana da kwana 21 ya nemi hukumar ta sake duba shawarar da ta yanke. In kuwa sakaci ne ko jan ƙafa, bayan ya kai ƙara ga ita hukumar, sai ya wuce ofishin sauraron koke-koke a kan ƙananan hukumomi, wanda aka kafa da dokar 1974, kwatankwacin Hukumar Sauraron Koke-koken Jama'a da aka kafa a Nijeriya a 1975. Ba a biyan ko sisi. Ofishin ya fitar da rahotanni a 2013 da 2017 yana tsawata wa hukumomi a kan barin yara a otal fiye da ƙa'ida, kuma yakan sa a ba da haƙuri, a biya diyya. Kotun Ƙoli ma a 2015 ta ba wata mata mai 'ya'ya biyar gaskiya a kan hukumar Westminster da ta so kai ta kusa da Milton Keynes, ta ce a saukar da mutum kusa da unguwarsa iyakar yadda zai yiwu.

Sai dai ofishin koke ba ya gina gida, alƙali ma haka. Tushen ciwon yana can baya. Dokar 1980, zamanin Firayim Minista Margaret Thatcher, ta ba mazauna gidajen hukuma damar sayen su da rahusa. Aka sayar da kusan gida miliyan biyu a Ingila, ba a kuwa gina madadinsu yadda ya kamata ba. Yau ga hukumomin suna biyan haya mai tsada, wani lokaci a kan ainihin gidajen da suka sayar da arha. Wanda ya sayar da rumbunsa da kaka, ai dole ya sayi hatsi da tsada da bazara.

Da za mu tafi, matar nan ta rako mu bakin ƙofa, tana ba mai masaukina haƙuri tana cewa Kawu ya gafarce ta, ba ta da wurin da za ta dafa wa baƙo abinci. Na waiwaya na ga babbar 'yarta durƙushe a ƙasa, ta ɗora littafinta a kan gado tana aikin makaranta. Ita ce na yi ta tunawa har jirgi ya maido mu Landan. Allah Ya rufa asirin bayinSa, amin.