Ranar da motar ɗana ta ƙi tashi

Ƴan uwa mata, kun san bashin da na ɗauka a asusunmu na Kara-Kara, na haɗa da kuɗin awakina na saya wa ɗana tsohuwar mota, yana kai kaya kasuwar Mirya ran Lahadi. Wata asuba ya murɗa makulli, sai "ƙas" kawai, inji shiru. Ga ranar biya ta matso.

Makaniken farko ko duba ciki bai yi ba, ya ce batir ya mutu, a sayi sabo. Wallahi har na fara tunanin sake cin bashi.

Wani dattijon gareji kusa da kasuwar Dole ne ya cece ni. Ya kunna fitilu, suka haska tar, ya ce, "Hajiya, batirinki da ransa." Sai ya bi wata kakkaurar waya da ke haɗa inji da ƙarfen jikin mota, wadda suke kira mas. Wuta ta nan take komawa batir. Girgizar hanya ta kwance noti, tsatsa ta ci bakin wayar, abin tada inji ya rasa ƙarfi. Ya kankare, ya ɗaure, murɗa ɗaya mota ta tashi.

Jika ɗaya ya karɓa, shi ma sai da na matsa.