Ruwan da ke komawa baya

A shekarun da na yi ina gyaran injinan ban ruwa tsakanin Madobi, Kura da Bunkure, ban ga abin da manoma suka raina a jikin inji kamar ɗan bawul ɗin da ke ƙasan tiyo ba, wanda muke kira fut-bawul. Murfi ne mai roba: inji na ja ya buɗe, a kashe inji ya rufe. In yashi ya cinye robar, manomi ba ya ganin komai sai wahalar ɗura ruwa kowace safiya kafin inji ya kama. Sai ya saba, ya ce halin injin ne.

Wahalar ɗura ruwa ba ita ta dame ni ba. Abin da ke hana ni sukuni shi ne duro. Mutum zai haɗa maganin ciyawa ko takin ruwa, ya zura tiyo har gindin duron, ya tafi gyaran kunya. Mai ya ƙare, inji ya mutu. In bawul ba ya riƙewa, ruwan da ke cikin tiyo zai gangara ya koma rijiya, yana tafiya yana janyo abin da ke cikin duron. Na taɓa nuna wa wani dattijo haka, ya ce, "Yaro, ai ruwa gaba yake yi." Na ce, "Baba, sifon ɗin da kuke tsotso ruwan Tiga da shi daga kwata zuwa gona fa? Shi ne wannan, sai dai ya juya." Ya yi shiru. A rijiyar nan leburori ke sha, a nan yara masu korar tsuntsu a shinkafa ke cika gora, a nan ake alwala.

Gwajin bawul ɗin ba ya cin ko sisi. Kashe inji, ka bari ya kwana. In da safe ya kama ba tare da ɗuri ba, bawul na riƙewa. In bai kama ba, kwance shi, ka wanke rariyar, ka duba robar. In ta taurare ko ta tsage, canza ta. Amma ni ko sabon bawul ban cika amince masa ba. Na fi yarda da tazara: a ɗaure bakin tiyo sama da duro, iska a tsakani, gibin ya kai akalla ninki biyu na faɗin bakin tiyon. Ruwa ba ya tsallake iska ya koma.

Masana'antu ma haka lamarin yake, sai dai ya fi girma. Duk kamfanin jima ko rini a Challawa ko Sharaɗa da ke ɗaukar ruwan famfo, in ƙarfin ruwa ya faɗi a babban bututu, abin da ke tankinsa na iya komawa layin jama'a muddin ba kariya. A Chicago ta Amurka, a 1933, ruwan ƙazanta ya shiga bututun ruwan sha na otal-otal, atuni ya kashe mutum kusan 100. Shi ya sa a wurare da yawa doka ta tilasta na'ura mai bawul biyu da mafitar zubarwa a tsakiya, kuma ƙwararre ya auna ta da ma'aunin matsi duk shekara. Ina so in ga hukumar ruwa tana neman takardar wannan gwaji kafin ta jona wa kowace masana'anta bututu, malaman gona kuma su riƙa duba yadda aka rataya tiyo a bakin duro.