Haruffa Uku a Ƙasan Wuyan Sarki

Duk wanda ya saɓa na'urar gano ƙarfe ya shiga gonakin Ingila, labarin Terry Herbert na nan a ransa, ko ya faɗa ko bai faɗa ba. Shi ne ya tono tarin zinariya a Staffordshire a 2009, aka yi mata kuɗi sama da fam miliyan 3, suka raba da mai gonar. Ni ma da wannan kwaɗayin na fara, bayan zama ya kama ni a ƙasar. Abin da ƙasa ta fi ba ni kuwa ƙusoshi ne, da maɓallai, da marafan gwangwani.

Wata Asabar bayan girbi, a gonar da mai ita ya ba mu izini, na'urar ta yi ƙara mai tsini. Na haƙa kamar tsawon yatsa, sai ga kwandala da kan wani sarkin Rumawa, da rawanin ganye a kansa. Hannuna har rawa yake. A gida na wanke ta da ruwa da buroshi mai laushi, na sa madubin ƙara girma. A gefenta akwai siririn layi, alamar zubi aka yi mata, alhali yawancin kuɗin Rumawa bugawa ake yi da guduma. A ƙasan wuyan sarkin kuma ga haruffa uku ƙanana: WRL. Tambarin kamfanin Westair ne, mai ƙera kwaikwayon tsofaffin kuɗi da ake sayarwa a shagunan gidajen tarihi. Mai yiwuwa daga aljihun wani ɗan makaranta ta faɗi.

Na ji haushi, ba na ɓoyewa. Wani abokin yawonmu ya juya ta ya ce, “Haba ɗan'uwa, goge haruffan nan mana, ka binne ta wata biyu ta yi tsatsa, ka sa a intanet. Wa zai gane?” Dariya na yi, amma maganar ta kwana da ni. A daren ne na lura cewa maƙerin bai cuce ni ba. Ya sa hatiminsa, ya faɗi gaskiyar abin da ya ƙera. Idan ha'inci zai shiga kwandalar nan, ta hannuna zai shiga.

Daga baya, a wajen jami'ar shirin rajistar kayan tarihi da Gidan Tarihin Birtaniya ke kula da shi, na fahimci kwaikwayo iri-iri ne. Akwai sulallan gaci na zamanin Sarauniya Victoria masu kama da zinariya, waɗanda aka yi don lissafin wasan kati, kowa kuma ya san haka. Akwai na birnin Nuremberg da 'yan kasuwa ke jerawa a kan allo suna ƙirga. Akwai kuma na macuta tun zamanin Rumawa: tagulla ce a ciki, an lulluɓe ta da 'yar fatar azurfa. Wannan ita ce jabu ta gaske, domin an yi ta ne don a yaudari mai karɓa. A Amurka ma, tun 1973 doka ta wajabta a buga kalmar da ke nuna kwafi ne a jikin sulallan kwaikwayo.

Sai na tuna liyarin da kakanninmu mata ke ratayawa a wuya, mai hoton Sarauniya Mariya Tariza. Kusan kowanne 1780 ke jikinsa, shekarar da ta rasu, ko da an buga shi shekara ɗari bayan nan. Babu wanda ya ce an zalunce shi, saboda azurfar cikinsa ta cika.

Wannan ya sauya yadda nake auna mutane, da ni kaina. Dukkanmu muna kwaikwayo: salon maganar malaminmu, dabarar maigidanmu, tarbiyyar iyayenmu. Babu aibu a nan muddin mutum zai ce ga inda ya samo. Yanzu a wurin aiki, idan aka yaba min kan shawarar da ta wani ce, nakan ambaci sunansa nan take, tun kafin daɗin yabon ya hana ni. Wanda kuma ya zo min da ƙyalli, ba na saurin ɗaga shi ko yar da shi. Nakan bari in ga ko zai faɗi asalinsa da bakinsa.