Littattafai biyu na gwanjo da makullin rumbu

A watan Janairu na shekara ta 1994 aka karya darajar kuɗin sefa, abin da ake sayowa daga Faransa dala ɗari ya koma ɗari biyu. Sabon littafi ya fi ƙarfin aljihun mushen lakkol. A cikin wannan shekara ne wani mushe na Damagaram, da ya je Yamai bin sawun takardun aikinsa, ya tsuguna gaban masu shimfiɗa tsofaffin littattafai a ƙasa, ya yi ciniki, ya tashi da guda biyu a kan jikka ɗaya. Duka na Faransanci ne. Ɗaya bangonsa ya yage, ɗaya kuwa ruwa ya taɓa shi, ga sunayen mutum uku da suka mallake shi kafin ya iso hannunsa.

Na farko shi ne Le Pleurer-rire na Henri Lopes, wanda ya fito a shekara ta 1982. Marubucin ya san fada ciki da waje, domin ya riƙe firaministan Kwango Barazabil daga 1973 zuwa 1975. Labarin wani soja ne, Bwakamabé Na Sakkadé, da ya ƙwace mulki a wata ƙasar Afirka wadda ba a faɗi sunanta ba, jama'a na kiransa Tonton, shi kuma yana kallon baitulmali kamar gadon gidansu. Mai kula da cimarsa ne ke ba da yawancin labarin, mutumin da ke ganin shugaba sa'ad da ya tuɓe kayan sarki. Mushe ya yi dariya har da ƙwalla. Da marece yakan fassara wa abokansa na fada wasu wurare, kowa ya kama sunan shugaban da yake ganin da shi ake.

Na biyun, La Longue Route na Bernard Moitessier, ya daɗe cikin akwati. Me mutumin da bai taɓa ganin teku ba zai yi da labarin matuƙin jirgin ruwa? Sai bayan ya aje aiki ya buɗe shi. A shekara ta 1968 wata jaridar Ingila ta shirya gasar kewaya duniya cikin jirgin da iska ke turawa, mutum shi kaɗai, ba tsayawa ko'ina. Mutum tara suka shiga. Moitessier ya tashi daga Plymouth a watan Agusta cikin jirginsa na ƙarfe mai suna Joshua, ya ƙi ɗaukar na'urar aika saƙo. Ya wuce ƙarshen Afirka, ya wuce kudancin Ostareliya, ya ƙetare mashigin Horn inda jirage da yawa suka halaka. Saura ya miƙe arewa ya karɓi suna, wataƙila har da fam 5000 na wanda ya fi sauri. A watan Maris na 1969 sai ya harba takarda da danƙo cikin wani jirgi a gaɓar Afirka ta Kudu, ya sanar cewa ya bar gasar. Ya ci gaba gabas, bai sauka ba sai Tahiti a watan Yuni, bayan wata goma a kan ruwa. Robin Knox-Johnston kaɗai ya kammala.

A lokacin da yake wannan karatu, mushe ya shekara goma sha huɗu yana shugabancin rumbun tsimi na unguwarsu, inda ake sayen hatsi da kaka a sayar wa mambobi da rahusa sa'ad da damina ta kama. Dokar ƙungiya ta ce shekara uku, sau biyu. Bai taɓa cin ko tiya guda ba, kuma da wannan yake kare kansa duk lokacin da samari suka tada zancen zaɓe. Makulli na aljihunsa, littafin lissafi na ƙarƙashin matashinsa. Wani dare ya koma ga Tonton don ya ɗan yi dariya, dariyar ta ƙi zuwa. Shi ma Tonton ai ya gaskata cewa in babu shi ƙasa za ta rushe. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Bai ɗauki Moitessier waliyyi ba. Mutumin ya bar matarsa tana jiransa a Turai, ya bi abin da ransa ke so. Wanda ya jefar da kaya ya tafi, wani ne zai ɗauka. Wannan ya sa mushe ya yi wata biyu yana juya maganar: in ya sauka, wa ya san bashin da ke kan kowace gwauruwa, wa zai hana a sayar wa ƴan kasuwa ta bayan fage?

Ranar babban taro bayan kaka ya aje makulli a kan tabarma, ya ce a yi zaɓe. Muryarsa ta yi rawa, wasu suka ce ciwo ne. Aka zaɓi wani tsohon ɗalibinsa, wanda a shekarar farko ya ɓata lissafin buhu shida. Mushe ya zauna da shi dare uku har suka gano kuskuren, bai faɗa wa kowa ba. Da za su rabu ya ɗauko littattafan nan biyu, ya rubuta sunansa ƙarƙashin na waɗanda suka riga shi, ya miƙa masa, ya ce ya fara da mai yagaggen bango.