Tafkin Bayan Gidanmu

Mai karatu, sai da na haura shekara 40 sannan na fahimci cewa ruwan nan da ke bayan gidanmu a Gozaki hannun mutane ne ya haƙa shi. Muna yara tafki muke ce masa, a can muke kamun tarwaɗa da damina, mu dawo gida a zane mu. Ashe kududdufi ne. Duk ƙasar da babu a cikin ramin nan tana nan tsaye a jikin katangun unguwarmu.

Gozaki dai yanzu gari ne a ƙaramar hukumar Kafur, amma da can birni ne mai ganuwa, sa'ar Maska a kudancin ƙasar Katsina, tun kafin jihadin 1804. Marigayi Dakta Yusufu Bala Usman ya ambace shi a littafinsa na tarihin Katsina na 1981. Ni kuwa da nake rubuta littattafan soyayya, ban taɓa sa garinmu ko a shafi ɗaya ba. Kullum jarumina a Kano yake, cikin bene mai tayil. Abin kunya ne, na sani.

Abin da ya farkar da ni zauren kakanmu ne. Da damunar bana gefensa ya zube, ƙannena suka ce a rushe a sa bulo da kwano, har sun fara karo-karo. Na je in duba, sai na tsaya ina kallon cikin bangon da ya tsage. Tubali ne jere, kowanne mulmulalle da hannu, har da shatar yatsun wanda ya yi shi. Sama azarar giginya ce, gara ta gaza cin ta. A waje ga sauran makuba, wadda ake yi da ɓawon ɗorawa don kada ruwa ya ci yaɓe. Zanko ɗaya ya rage, indararon ma ya karye, kuma ta nan ɓarnar ta shigo.

Wani dattijon magini ya ce zai iya gyarawa, amma a ba shi yara huɗu masu cuɗa ƙasa, kuma daga kududdufin nan za a ɗebo ta. Matsalar ita ce an fara cike shi da shara, wani ma ya kafa harsashi a bakinsa.

Ƙanena ya ce, "Yaya, kai a birni kake kwana, mu ne ruwa ke zubo wa." Ban iya ba shi amsa ba. Na dai roƙi a jira ni zuwa kaka, kuɗin sabon littafina su fito.