Ƙwarin masarar Kawu: kundin mako guda a New Bell

Asabar

Ruwa tun asuba, irin na Agustan Duwala da ba ya jin roƙo. Da la'asar Kawu ya dawo daga gonarsa ta bayan Bonaberi da ganyen masara cikin leda, ya dire a gabana. "Kai da ka karanta ƙwari, faɗa mini sunan wannan kafin in kai kuɗina wurin mai magani." Ganyen ya yi baƙi da darɓa, kiyashi na ta zirga-zirga, ƙwarin kuma sun cushe a ƙoƙon masarar, kowanne bai wuce milimita 4 ba. Da ka taɓa sai su goce gefe, sannan su yi tsalle. Na ce, "Kawu, a ba ni kwanaki." Ya ce mai magani ba ya neman ko minti ɗaya.

Lahadi

Na kafa madubin ƙara girma a kan teburin ɗinkin Goggo. Ta ji warin alkol ɗin da nake jiƙa ƙwarin a ciki, ta ce in fita da shi zaure, ɗakinta ana salla.

Aikin farko raba dangi ne, kuma ƙafar baya ce ke yanke hukunci. Idan ƙwaurin na ɗauke da layukan ƙananan ƙayoyi a jere, to dangin Cicadellidae ne, su Cicadulina da ke yaɗa cutar zanen ganyen masara. Idan kuwa akwai ƙaimi guda babba mai motsi a ƙarshen ƙwaurin, to Delphacidae ne, ba wani dangin da ke da shi. Na Kawu duk masu ƙaimi ne. Ƙahon jinsu a ƙarƙashin ido yake, gaɓarsa ta biyu a kumbure. Ga ɗigon baƙi a ƙarshen fiffike, ga zama a ƙoƙon masara, ga kiyashi na kiwonsu: Peregrinus maidis ne. Wasu fiffikensu dogo, wasu guntu, wanda bai sani ba sai ya rantse iri biyu ne, alhali uwa ɗaya ke haifar su.

Litinin

Bayan isha'i na tsaya wurin mai tsire kusa da babban masallaci, ina zuƙe ƙwarin da ke faɗowa kan fitilarsa da bututu. Yara suka kewaye ni, ɗaya na tambaya ko ci zan yi. Na samu masu farin layi daga kai zuwa gadon baya. Waɗannan su ne Sogatella, kuma a nan aikin yake.

Talata

Duk wanda ya buɗe littafin ƙwarin shinkafa na Asiya ya ga farin layin nan zai ce Sogatella furcifera ne, mugun da ke cinye shinkafa a Sin da Biyetnam. Haka aka yi ta rubutawa a rahotannin Afirka shekara da shekaru. A 1990 Manfred Asche da Michael Wilson suka sake bin dangin kaf, suka nuna cewa abin da ake kira furcifera a nahiyarmu 'yan uwansa ne: nigeriensis, wanda ya fi kama da shi, da vibix, da kolophon da ya fi son ciyawa. Launi kan ba da alama, misali duhun kumatu ko hasken fuska, amma launi na sauyawa da yanayi, kuma alkol na kodar da shi.

Sai an koma ga namiji. Na yanke ƙarshen cikinsa da bakin allura, na jiƙa a ruwan KOH kashi 10 cikin 100, wanda ke narkar da nama ya bar ɓawo, kamar yadda kanwa ke sa wake ya saki jiki. Na wanke, na ɗora a ɗigon gilisarin. A ciki akwai 'yan ƙugiyoyi biyu da yake riƙe mace da su, kowace bakinta ya rabu biyu. A furcifera rassan biyu kusan kai ɗaya suke, gindin kuma a kumbure. A nawa reshen ciki ɗan guntun tsini ne, na waje dogo siriri. Kolophon ke nan. Wuta ta ɗauke ina tsakiyar zana shi, na ƙarasa da fitilar waya.

Matan na ajiye su da sunan dangi kawai. Mai gaggawar laƙaba wa mace suna ba tare da namijin da aka kama tare da ita ba, shi ne ke cika littattafai da ƙarya.

Laraba

Ba aiki. Kwata ta cika ta shigo tsakar gida, muka wuni muna kwasar ruwa.

Alhamis

A Kasuwar Santiral na tarar da wani dattijo mai sarin kwakwa daga Kiribi, hira ta kai mu ga cutar da ke sa ganyen kwakwa ya yi rawaya, 'ya'ya su zube, kan bishiya ya faɗi a bar kututture tsaye. A nan ƙasar sunanta cutar Kiribi, an fara ba da rahotonta a 1937. A Gana ita ce ta Cape St Paul tun 1932, a Najeriya ta Awka, a Togo ta Kaïncopé. Ƙwayar cutar a cikin jijiyar abincin bishiya take zama, ba ta da ƙafa, sai ƙwaro mai tsotsa ya ɗauke ta. A Fulorida ta Amurka, inda ake da irin wannan cutar, an kama mai laifin, Haplaxius crudus, na dangin Cixiidae. A gaɓar tekunmu an daɗe ana zargin wasu, har da Diostrombus masu dogon fiffike da ke jeruwa a bayan ganyen kwakwa, amma ba a tabbatar ba tukuna. Ta yaya za a tabbatar, in mai gwaji ya zuba iri uku a keji ɗaya yana zaton ɗaya ne? Ko kolophon ɗina na Talata ba wankakke ba ne: a Kodebuwa an nuna yana yaɗa busasshiyar ruɓewar tsiron kwakwa a gandun reno.

Dattijon ya ce, "Yaro, kai dai ka samo mana magani." Na ce, "Baba, sai an san ɓarawo ake ɗaure shi."

Juma'a

Bayan an sauko daga masallaci na zauna da Kawu. Na ce masa ƙwarinsa na iya ɗaukar cututtukan masara biyu, mai sa ganye ratsi-ratsi da mai sa shi dabbare-dabbare, amma ganyen da ya kawo ba alamar ko ɗaya, kuma masarar ta riga ta fitar da goyo. Feshi a wannan ruwan wanke shi za a yi zuwa kogin Wuri, bayan ya kashe gizo-gizo da sauran masu cin ƙwarin. Na ba shi labarin Indunusiya, inda yawan feshi ya haɓaka Nilaparvata lugens a gonakin shinkafa har gwamnati ta haramta magunguna 57 a 1986.

Ya ce mai magani ya riga ya ajiye masa kwalba. Na ce a bar ta a kanti, a tuge duk masarar da ganyenta ya fara ratsi, baɗi kuma kada a shuka sabuwa kusa da tsohuwa. Ya amince da tugewa, kwalbar kuwa ya ce zai yi tunani.